Bangon gidan hayata na cin gishiri, na rasa mafita

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman magina da masu gidajen haya. Ina da gida mai ɗaki huɗu a Badariya, Birnin Kebbi. Kuɗin leburanci ya yi mini yawa, shi ya sa na fara koyon ƙananan gyare-gyare da hannuna. Famfo da makulli na iya, amma bango ɗaya ya gagare ni.

Duk damina danshi yana hawowa daga ƙasa har gwiwa, fenti ya kumbura, wani farin gari kamar gishiri ya fito, filasta ta rinƙa zubowa in ka taɓa da yatsa. Bara na kankare shi, na kwaɓa siminti kwano 1 da yashi kwano 4, na shafe, na yi fenti. Ruwan Agusta na sauka ya dawo. Mai ɗakin tana da jariri, katifarta har wari take, wallahi abin yana damuna.

Wani magini ya ce ba a shimfiɗa leda a kan harsashin ginin ba tun farko. To, akwai gyaran da zan iya ba tare da rushe bangon ba? Maganin hana ruwa da ake zubawa a kwaɓi yana aiki, ko in fara da dakalin siminti a bayan bangon?