Walƙiya ba hadari a bayanan tauraron ɗan adam, yaya ake tace ta?

Ɗan Adar: Salamu alaikum jama'a. Ina aikin kammala karatu nan Tawa kan hadarin damina, ina anfani da bayanan walƙiya na tauraron ɗan adam Meteosat-12, wanda aka harba a Disamba 2022. To na ɗora su bisa taswira sai ga ɗigo-ɗigo wajen Abalak da tsakar rana cikin watan Maris, sama wasai ko gajimare babu. Mi ke kawo haka kuma yaya zan fidda su?

Malam na Yamai: Wa alaikumus salam ƙanena. Na'urar hango walƙiya da ke bisa tauraron hwa ba ta san tsawa ba, haske kawai take kamawa, hoto dubu ɗaya kowace daƙiƙa a zangon hasken da walƙiya ke fiddawa (777.4 nanomita), duk inda haske ya ƙaru farat ɗaya sai ta rubuta. Shi ya sa hasken rana da ya bugi ruwan tabki ya dawo, ko ƙwayoyin sararin samaniya da sunka bugi idon na'urar, ko ɗan girgizar tauraron kansa a bakin gajimare mai haske duk suna iya shigowa. EUMETSAT, hukumar Turai mai kula da tauraron, na tace mafi yawa tun kafin su kai gare ka amma wasu na tsallakewa. Fara da duba wane mataki ka sauke, ɗigo ɗai-ɗai ne ko waɗanda anka riga anka haɗa su walƙiya guda. Ta gaskiya tana haska ɗigo da yawa maƙwabtan juna kuma ta maimaita, wanda ya fito shi kaɗai sau ɗaya abin tuhuma ne.

Ƴar Arewa: Ni hoton zafin saman gajimare na lokacin nike ɗorawa a ƙasa, in babu gajimare mai sanyi kusa, wato irin na hadari, in share ɗigon. Sai dai ka bar tazarar ƴan kilomita, tauraron daga nisan kusan kilomita 36,000 yake hango saman hadarin a karkace, wurin kan ɗan goce.

Ɗan Adar: Na gode ƙwarai. To in share duk ƙananan kenan?

Malam na Yamai: A'a kar ka yi gaggawa. Da rana walƙiya mai rauni da ƙyar take fitowa don gajimaren kansa na haske, in ka matsa tacewa sai ka zubar da ta farkon hadari, ita ko manomi da makiyayi sunka fi buƙatar a gargaɗe su kanta. Sa musu alama kawai ka aje gefe, ka gwada Maris da Agusta ka ga bambanci. In ka shigo Yamai leƙa cibiyoyin nazarin yanayi na AGRHYMET ko ACMAD ka tambayi masu aikin hotunan tauraro.