Kayanmu Na Maƙalewa a Hanya: Masu Haɗa Ƙananan Samfura a Kaduna, Kowa Ya Faɗi Abin da Ya Gani

Baban Khalifa, Unguwar Rimi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kira ne ga duk mai haɗa ƙananan jiragen sama, motoci, tankokin yaƙi ko samfurin gini a garin nan. Tun zuwan korona ban ƙara yin odar kit (kwalin gutsattsarin robar da ake haɗawa su zama samfuri) ko fenti ya iso a lokacin da aka yi mini alkawari ba. Mai shago ya ce kamfani ne bai fitar ba, ejan ya ce jirgi ne, wani ya ce dala. Ina so kowa ya faɗi abin da ya same shi da kansa da kuma inda kayansa suka tsaya, ban da labarin ƙanzon kurege. Ni nawa jirgin yaƙi Alpha Jet ne mai awon 1/72, wato tsawonsa kashi ɗaya cikin 72 na jirgin gaske, na so in yi masa fentin sojin samanmu. Shagon da nake saye a Ingila ya rubuta "ana jiran kaya", na yi ta leƙawa har na gaji.

Injiniya Mai Ritaya, Barnawa

Wa alaikumus salam, Baban Khalifa. Naka bai ma kai ga jirgi ba, a masana'anta ya tsaya. Na yi aiki a kamfanin roba a Kakuri, bari in gaya muku yadda abin yake.

Kowane kit yana da mazubinsa na ƙarfe da ake ɗura narkakkiyar roba a ciki, mai nauyin da sai da ƙugiya ake ɗaga shi. Za a ɗora shi a inji, a ɗaure, a haɗa masa bututun ruwan sanyaya, a jira zafi ya daidaita. Na farkon da za su fito duk shara ne: wani bai cika ba, wani ya yi gemu a gefe. Sai an zubar da waɗannan kafin a soma samun na kirki. Saboda wannan wahalar, ba mai ɗora mazubi don mutum ɗari. Ana buga dubbai a zama ɗaya, a sauke, a ɗora na wani jirgin. Idan naka ya ƙare a kasuwa, sai layi ya sake zagayowa kansa, kuma kamfani mai ɗaruruwan mazubai zai fara ne da abin da ya fi tafiya. Alpha Jet ba Spitfire ba ne, shahararren jirgin yaƙin nan na Birtaniya, masu nemansa kaɗan ne.

Ga kuma ƙwayar robar kanta. Daga man fetur da iskar gas ake samo ta. A watan Fabrairun 2021 sanyi mai tsanani ya sauka a jihar Texas ta Amurka, wuta ta ɗauke, masana'antun sinadarai suka tsaya cik. Roba ta yi wuya a duniya. In kai ne mai sayar da ita, wa za ka fara ba? Mai yin kayan asibiti da mazubin abinci da ke ɗaukar tirela-tirela, ko mai yin jirgin wasa?

Baban Khalifa, Unguwar Rimi

Allah ya ƙara girma, Baba. Amma "jirgin wasa" ɗin nan ya yi mini zafi.

Alhaji Na Gwanzu, Tudun Wada

Ai gaskiya Baba ya faɗa. Ni kayan wuta nake shigowa da su daga Sin, samfura kuwa sha'awa ce, nakan cusa 'yan kwalaye a cikin kayana. Abin da ban taɓa gani ba a kasuwanci shi ne abin da ya faru a 2021. Kwantena mai ƙafa 40 da kafin korona matsakaicin kuɗin dakonta a manyan hanyoyin duniya bai kai dala 2,000 ba, a watan Satumban 2021 ta haura dala 10,000. Mutanen Amurka da Turai suna zaune a gida suna ta oda, kwantenoni suka taru can babu mai dawo da su fanko, mu kuma a Sin muna neman ko guda ɗaya ido rufe.

A cikin wannan hali ne jirgin Ever Given, mai tsawon mita 400, ya gitta a mashigin Suwez ranar 23 ga Maris, sai 29 ga wata aka janye shi, ɗaruruwan jirage na jira. Ba a gama farfaɗowa ba aka taƙaita aiki a tashar Yantian da ke Shenzhen saboda korona, a watan Agusta kuma aka rufe wani ɓangare na tashar Ningbo. A 2022 birnin Shanghai ya sha kulle kusan wata biyu.

Abin da ya shafe mu kai tsaye: a jirgin ruwa girman kaya ake aunawa. Ka buɗe kwalin tanki mai awon 1/35 ka gani, rabinsa iska ce. Da wuri ya yi tsada, ni da kaina na sauke kwalayen samfura na sa soket da waya, domin su ne ke biyan kuɗin makarantar yara. In ni mai son abin na yi haka, me kake tsammani daga wanda bai san ma mene ne ba?

Sadiq Tanki, Kawo

Yallaɓai, ni a farkon 2024 ejan ɗina cewa ya yi harin 'yan Huthi a Bahar Maliya ne ya tsayar da kayana. Na yarda, don ina ji a rediyo kullum.

Alhaji Na Gwanzu, Tudun Wada

Sadiq, ka ɗauki rabi ka bar rabi. Gaskiya ne daga Nuwamban 2023 aka fara kai wa jirage hari, manyan kamfanoni suka daina bi ta Suwez suka koma zagayowa ta ƙasan Afirka ta Kudu, abin da ke ƙara wa tafiyar Asiya zuwa Turai kwana goma ko fiye. Amma ka duba taswira. Jirgin da ya taso daga Sin kai tsaye zuwa Legas, dama can ta ƙasan Afirka yake bi. Wanda abin ya buga sosai shi ne mai sayen kit daga shagon Turai, domin sai kayan sun isa can tukuna, da kuma kwantenar da ake sauya mata jirgi a tashoshin Bahar Rum irin su Tanja. Mu ta bayan gida ya shigo mana: tafiya ta yi tsawo, jirage suka yi ƙaranci, kuɗin dako ya tashi ko'ina. Wasu ejan kuma, ban ce naka ba, kayanka na kwance a sito a birnin Gwanzu na Sin suna jiran kwantena ta cika, sai su fake da labarin da ka riga ka ji a rediyo. Ka riƙa neman lambar kwantena. In babu lamba, kaya ba su tashi ba.

Akitek Zainab, Malali

Sannunku iyayena da yayyena. Ni ba jirgi nake haɗawa ba, samfurin gidaje da rukunin shaguna nake yi wa masu gini, amma jirgi ɗaya ya kwaso mu.

Katakon balsa ne ya fara ɓace mini. Shi ne katakon nan mara nauyi da reza ke yanka shi ba gardama. Akasarinsa daga ƙasar Ekwado yake fitowa, kuma ashe da shi ake cika cikin fukafukan injinan samar da wuta daga iska. Da Sin ta duƙufa kafa waɗannan injina a 2019 da 2020, sai masu manyan kuɗi suka kwashe shi. Wanda na samu daga baya ya yi tsada, ga nauyi, ga shi falle ɗaya gefe taushi gefe tauri.

Sai fenti da gam. Duk abin da ke kama wuta, irin fentin feshi, tina (ruwan tsinka fenti) da gam ɗin roba mai ruwa-ruwa, dokar jiragen sama ta sa shi cikin kaya masu haɗari. Yawancin ejan ba sa karɓa, sai ta ruwa. Wani saiti na 'yan kwalaben fenti da na jira har na fid da rai, da ya iso na buɗe farin sai na tarar ya rabu biyu: ruwa garau a sama, ƙasa kuma dunƙule kamar tuwon jiya. Na sa tsinken sakace na juya, ya karye a ciki. Ya sha zafin kwantena ne a hanya. Yanzu kwali mai kauri da fom nake saye a Kasuwar Sheikh Gumi, in haɗa kalata da fentin ruwa. Bishiyoyi kuma soso da wayar kofa. Masu ba ni aiki ba su taɓa tambayar ina balsa ba.

Kyaftin Rimot, Mando

Anti Zainab ta taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Mu masu jirgin rimot batir ne bala'inmu. Batirin lithium ba ya hawa jirgin fasinja a matsayin kayan dako in shi kaɗai ne, sai jirgin kaya, da takardu. Kuma mutane ba su san cewa kaso mai yawa na kayan da ke tafiya ta sama a cikin jiragen fasinja suke ba, ƙarƙashin kujeru. Da Najeriya ta rufe zirga-zirgar jiragen ƙasashen waje daga Maris zuwa Satumban 2020, ƙananan saƙonni irin namu suka rasa abin hawa.

Bayan nan aka shiga ƙarancin cif, 'yar ƙwaƙwalwar da ke cikin rimot da na'urar daidaita gudun injin jirgin. Kamfanonin motoci na gaske ma sun dakatar da aiki saboda ita a 2021, ga gobarar da ta tashi a masana'antar cif ta Renesas a Japan cikin Maris na shekarar. Na'urar da na saba saye ta ɓace, da ta dawo an sauya mata cif, sai da na sake koyon saita ta.

Shawara ga sababbi: duk abin da ya yi kama da jirgi mara matuƙi yana buƙatar takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro kafin a shigo da shi. Ku tambaya tun kafin ku biya.

Malam Ticha, Rigasa

Ba wanda ya ambaci yaƙi. Kamfanonin ICM da MiniArt masu yin kit a Yukiren suke, Zvezda kuma a Rasha. Daga 24 ga Fabrairun 2022 da Rasha ta kai wa Yukiren hari, kayan Yukiren suka yanke na ɗan lokaci kafin su dawo, shaguna da yawa a Turai kuma suka daina ɗaukar na Rasha. Ni kit ɗin jirgin yaƙi MiG-21 nake nema lokacin, don sojin samanmu sun yi amfani da shi. Da aka lalata katafaren jirgin dakon kaya Antonov An-225 a filin jirgin Hostomel na Yukiren kuwa, duk shagon da na leƙa kit ɗinsa ya ƙare. Wanda bai taɓa riƙe gam ba ma ya saya ya ajiye.

Abba Akanta, Kabala

Ku yi haƙuri, duk abin da kuka lissafa ya wuce ko ya lafa. Kuɗin kwantena ya sauko daga inda ya kai a 2021, shagunan waje sun cika. Me ya sa har yanzu teburanmu ba kaya? Naira ce. A 2022 bankuna suka rage abin da za ka kashe a waje da katin naira zuwa dala 20 a wata, daga baya da yawansu suka rufe gaba ɗaya. A lokacin dala 20 ko kuɗin aikowa ba ta biya. Sai ka nemi mai katin dala, ka jira ya samu sukuni, kafin nan kit ɗin ya ƙare. A Yunin 2023 aka saki naira, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a Fabrairun 2024, kuma da sabon farashin ake lissafa kuɗin fito. Ejan da yawa sun bar kaya a tasha suna jiran masu kaya su cika kuɗi. Mutum ɗaya ya gaza biya, duk wanda ke cikin kwantenar ya jira.

Injiniya Mai Ritaya, Barnawa

Ɗana Abba, ba musu. Sai dai masu kit ba su dawo da farashinsu na da ba ko a dala.

Sadiq Tanki, Kawo

Ni abin da ya fi ci mini rai, kaya su ƙetare teku lafiya su zo su lalace tsakanin Legas da Kaduna. An ɗora mini kwali a motar kaya, na je tasha karɓa na tarar an aza masa buhu. Murfin ya lotsa, gilashin matuƙi ya tsage daga sama har ƙasa, bututun bindigar tankin da ke ɗaya kwalin ya lanƙwashe. Yaron mota ya ce, "Ai roba ce, Yallaɓai, ba ta fashewa." Kuɗin motar ma ya ninka tun cire tallafin mai a Mayun 2023. Ga tashar tsandauri a Kakuri da aka buɗe tun Janairun 2018, amma ni ɗan kwali biyu, ejan ɗina a Legas yake fasa kwantena, dole ta titi kayana za su zo.

Gwani Fanteka

Ni dai ban taɓa yin oda ba balle in jira. Gwangwanin turare, falankin silin, wayar keke, ga su nan a kasuwar Fanteka. Samfurin Air Beetle nake ƙerawa yanzu, ƙaramin jirgin horon da aka harhaɗa a nan Kaduna, kuma ban taɓa ganin kit ɗinsa a ko'ina ba. Mai son gani ya zo da lemo.

Baban Khalifa, Unguwar Rimi

Gwani, za mu zo, amma ka tanadi kujeru. Alhaji, tunda kana da kwantena, me zai hana mu haɗa oda wuri ɗaya, musamman fenti da gam da ba sa hawa sama?

Alhaji Na Gwanzu, Tudun Wada

Ba matsala, da sharaɗi uku. Kowa ya biya kafin a saya, kada mu faɗa abin da Abba ya faɗa. Ban da batir da duk wani abu mai tashi. Sannan kaya su isa sito kafin ƙarshen Disamba, domin sabuwar shekarar Sinawa tana faɗowa ne tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu, masana'antu da masu dako duk gida suke tafiya na makonni, kuma gab da hutun kowa ke rububin jirgi. Fenti da tina sai na tambayi ejan, don ko ta ruwa sai an bayyana su a takarda. Wanda ya yarda a cire masa kit daga kwali a ɗaure a leda zai biya ƙasa da rabi. Sadiq, naka zan sa a cikin katan ɗin soket, ba mai aza masa buhu.

Akitek Zainab, Malali

Alhaji a sa ni a lissafi. Gam mai ruwa kwalba huɗu, da ruwan reza lamba 11 in an samu.