Don Allah wa ya taɓa haɗa jirgin ruwa na katako? Na maƙale a goshi

Salam 'yan uwa, don Allah a taimaka min. Wata uku ke nan ina haɗa ɗan ƙaramin HMS Victory na katako, jirgin yaƙin Ingila mai bindiga 104 da Nelson, kwamandan sojan ruwansu, ya mutu a cikinsa a yaƙin Trafalgar a 1805, har yau yana nan ajiye a Portsmouth. Yayana ne ya kawo min shi a kwali.

Ƙashin bayan jirgin da haƙarƙarinsa duk na kafa su lafiya. Wahalar wajen lulluɓe jikin da siraran katakon nan ce, a tsakiya suna kwanciya sumul amma da na iso goshin, da yake a dunƙule yake kamar ƙwarya, sai katakon ya ƙi lanƙwasa, ko ya tsage ko gefe ɗaya ya ɗaga sama. Na jiƙa su a ruwan zafi minti 20, na shafa gam na danne da fil, washegari na tarar sun bushe sun ja baya, ga tsaga har farcena na shiga, ina ga iskar hunturun nan ma tana ƙara min. Jiya guda 7 na karya wallahi, kuma saura kaɗan a kwalin.

Shin sai na bari katakon ya bushe a lanƙwashe kafin na sa gam ne? Kuma dole sai na fiƙe bakin kowanne ya sirance wajen goshin? In haka ne daga ina zan fara ragewa? Dutsen guga zai yi wajen lanƙwasawa ko zai ƙona shi?