Neman shawara: A ina ake rubuta lambar rajista a jikin jirgin sama?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a Kano, kuma ni da ɗalibaina muna ƙera samfurin jirgin fasinja na katako mai tsawon mita biyu domin baje kolin ƙarshen zango. Fenti ya bushe, saura rubutu, sai gardama ta kaure a tsakanin yaran: wasu sun ce a wutsiya ake rubuta lambar jirgi, wasu sun ce a fiffike. Masana a taimaka mana da shawara.

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, Malam. Duk ɓangarorin biyu suna da hujja. Ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar Chicago ta 1944, ta tanadi a rubuta lambar a ƙarƙashin fiffiken hagu, kawunan haruffan suna fuskantar gaban fiffiken, tsayinsu kuma kada ya gaza santimita 50. Sannan a sake rubuta ta a kowane gefe na gangar jiki tsakanin fiffike da wutsiya, ko a saman wutsiyar da ke tsaye, da tsayin aƙalla santimita 30. Yawancin kamfanoni sun fi zaɓar gangar jiki kusa da ƙofar baya, domin sun keɓe wutsiya ga tambarinsu. Idan Boeing 737-800 kuka kwaikwaya, tsawonsa ya kusa mita 40, don haka ku raba komai gida ashirin: santimita biyu da rabi a fiffike, ɗaya da rabi a jiki.

Amsa ta biyu:
Allah ya saka wa injiniyan da ya ba da amsa ta farko. Ƙarin da zan yi shi ne, Malam, kada yara su rikita lambar rajista da lambar tafiya da ke jikin tikiti, domin ta tikiti ta hanya ce, jirage dabam-dabam suna iya ɗaukarta. Ta rajista tana farawa da alamar ƙasa: Najeriya 5N, Nijar 5U, Ghana 9G, Saudiyya HZ, sai ɗan layi, sai haruffa uku a tsarin Najeriya. Wanda ya lura a lokacin jigilar alhazai zai ga jirgi da sunan kamfaninmu amma lambarsa ta wata ƙasa, saboda haya aka ɗauko shi.

Amsa ta uku:
Ku yi amfani da manyan haruffa marasa ado, da launin da ya bambanta sosai da fentin jikin. Idan kuna son ku burge alƙalan gasa, ku rubuta haruffa biyu ko uku na ƙarshe a murfin tayar gaba, domin nan ma'aikatan ƙasa suke dubawa. Kada kuma ku dogara da hotunan jiragen Amurka masu farawa da N, tun da dokarsu ba ta wajabta rubutun ƙarƙashin fiffike ba.