'Yan wasa masu sauya jinsi a jami'o'in Amurka: shawarwarin masu horarwa da likitoci

Masu horarwa da likitocin wasanni da suka tattauna batun sun ce a fara da sanin doka. Tun Fabrairun 2025, hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta keɓe gasar mata ga waɗanda aka haifa mata kaɗai. Gasar maza kuwa a buɗe take ga kowa. Wanda aka haifa namiji zai iya atisaye da ƙungiyar mata, a kuma duba lafiyarsa, amma ba zai shiga gasarsu ba. Wasu jihohi suna da tasu dokar, sai a duba ta.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne allurar testosteron, wato sinadarin da ke kawo siffofin namiji a jiki. Tana cikin haramtattun magungunan NCAA, don haka dole likitan ƙungiya ya nemi izinin hukumar a rubuce kafin a buga wasa. Duk wanda aka haifa mace, in ya fara ta, ya bar gasar mata ke nan.

Sun fi nanata rufin asiri, kuma da gaskiyarsu: bayanin lafiyar ɗalibi ya tsaya wajen likita da jami'i guda. In ya fita, zagi a intanet ke biyo baya. A tanadi ɗakin canza kaya mai ƙofa ga duk mai so, da mai ba da shawara kan damuwa.