Wata bakwai ban yi addu'a ta kirki ba, kuma abin ya daina damuna

Mai Neman Shawara: Salama gare ku 'yan'uwa cikin Ubangiji. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, na daɗe ina rubutawa ina gogewa. Shekarata 11 a ƙungiyar mawaƙa, shida daga ciki ni ke riƙe da littafin waƙoƙi, ni ke tsara wanda zai ja waƙa ran Lahadi. Bara aka canza shugaba. Da zuwansa ya mayar da koyon waƙa daga Alhamis zuwa Asabar, bai tambayi kowa ba. Na yi magana a gaban mutane, ya ce in bari sai an tashi, aka tashi bai neme ni ba. Bayan sati uku ya miƙa littafin ga wata yarinya da ni na koya mata riƙe murya. Ban ce uffan ba. Ana cikin haka maigidana ya rasa aiki, sai kuma abin da ya faru a watan takwas, wanda ba zan shiga cikinsa a nan ba.

Da, ƙarfe biyar na asuba nake tashi addu'a. Yanzu waya ta buga in kashe ta in juya. Littafi Mai Tsarkina na gefen gado, igiyar alama tana nan a Zabura 42 inda na bar ta, jiya ma na ga caja da kwalbar magani a kansa. Ban daina ba da gaskiya ba. Ban yi fushi da Allah ba, da fushin ne ma da sauƙi. Abin da ke ba ni tsoro shi ne na saba. Ran Lahadi nakan kunna wa'azi a waya ina wanki. Yaya zan yi?

Dattijo: 'Yata, ba zan ɓoye miki ba, ciwonki yana da suna. Buɗe Ru'ya ta Yohanna 3:15-16. Ikilisiyar Lawudikiya ce, ba zafi ba sanyi, har Ubangiji ya ce zai tofar da su daga bakinsa. Kangon garin yana nan a Turkiyya. Maƙwabtansu na Hiyerafolis suna da maɓuɓɓugan ruwan zafi, Kolosi na da ruwan sanyi, su kuwa nasu janyo shi ake yi daga nesa, kafin ya iso ya zama ɗumi-ɗumi. Masu arziki ne, girgizar ƙasa ta rushe garin wajen shekara ta 60 bayan haihuwar Almasihu, suka sake gina shi da kuɗinsu, ba su karɓi taimakon Roma ba. Sai suka ɗauka ba sa bukatar komai. Sakaci ba ya sallama, haka yake shiga. Ki yi azumin kwana uku, ki koma sujada wannan Lahadin. Ibraniyawa 10:25 ta hana mu fasa taruwa. Wa'azin waya ba taruwa ba ne.

Maman Yara: Baba, taruwar da wa? Bara na kwanta asibiti kwana 16, mutum biyu ne kawai suka leƙo ni daga zumuntar mata, ɗaya ma tambaya ta zo yi ko na biya kuɗin wata. Da na koma, kowa sai "ashe ba ki da lafiya?" Ni da na yi shekaru ina zagaya gidajen marasa lafiya. 'Yar'uwa, na san abin da kike ji.

Malamin Lahadi: Baba, da girmamawa, ban ga Lawudikiya a nan ba. Su cewa suka yi sun wadata, ita kuwa tsoro ne ya kawo ta. Ni Iliya na gani. A 1 Sarakuna 19, bayan wuta ta sauko a Dutsen Karmel, saƙo ɗaya Yezebel ta aika, ya gudu jeji, ya zauna gindin wani itace ya roƙi mutuwa. Allah bai sa shi azumi ba. Mala'ika ya tashe shi ya ci ya sha, ya koma barci, aka sake tashinsa ya ƙara ci. Sai daga baya aka yi maganar aiki, aka kuma gaya masa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. 'Yar'uwa, ki fara da minti biyar. Ko ki karanta Zabura 13 da ƙarfi, Dawuda sau huɗu yake tambayar "har yaushe" a ayoyi biyu na farko.

Dattijo: Malam, ka ƙarasa labarin mana. Da ya ci, tashi ya yi ya yi tafiyar kwana 40 zuwa Horeb. Bai yi wata bakwai a gindin itacen ba. Irin wannan lallashin ne ya sa majami'u suka cika da masu barci. Budurwai biyar na Matiyu 25 ba arna ba ne, fitila na hannunsu, mai ne ya ƙare. Ni shekara 40 ina bin Ubangiji, na binne ɗa, washegari ina sujada.

Mai Neman Shawara: Baba na gode, amma ba wai ba na jin Maganar Allah ba ne. Wa'azin da nake saurara ya fi wanda ake yi mana zurfi, gaskiya. Kuma azumi ba zai yiwu ba, ina shan magani safe da yamma. Komawa kuma, in zauna ina kallon yarinyar nan da littafina a hannu? Ba ku san yadda abin yake ba.

Ma'aikaciyar Jinya: Wane magani kike sha? Tambaya nake, ba bincike ba. Yawan barci, da mutum ya daina jin daɗin abin da yake so a da, har ya wuce sati biyu, suna cikin alamun ciwon damuwa, wasu magungunan ma suna kashe jiki. Ki gaya wa likitanki daidai yadda kika gaya mana. Addu'a ba ta hana ganin likita. Kuma kada ki yi azumi a kan magani sai kin tambaya.

Dattijo: Komai yanzu ciwo ne. Ayuba wane likita ya gani?

Malamin Lahadi: Ayuba abokai uku ya gani, Baba. Kwana bakwai da suka yi shiru ne suka fi amfana masa. Da suka buɗe baki, a sura 42 Allah da kansa ya ce ya yi fushi da Elifaz da sauran biyun.

Mai Ganga: Ni dai maganar shugaban mawaƙan ce ta tsaya mini. Haka aka yi mini, shekara tara ina kiɗa, rana ɗaya na zo na tarar da wani a kujerata. In ba ka cikin 'yan gaban goshi, sunanka ya ɓace. 'Yar'uwa ki canza ikilisiya kawai, Allah ɗaya ne.

Maman Yara: Canzawa ba ta magani, na gwada. Amma 'yar'uwa, me ya faru a watan takwas ɗin? Ina jin can matsalar take, ba littafin waƙa ba.

Mai Neman Shawara: Mama, na ce ba zan shiga wannan ba, kuma ba shi da alaƙa. Tun kafin nan na fara sanyi. Ni ba ciwon damuwa nake da shi ba, ina dariya, ina aikina. Ba kuma zan canza ikilisiya ba, can aka yi mini baftisma. Na ɗauke cajar daga kan Littafin ɗazu, ban dai buɗe ba tukuna.

Dattijo: To tunda can aka yi miki baftisma, Matiyu 18:15 ta ce ki je ki same shi ku biyu kaɗai. Kin je? Galatiyawa 6:9, kada mu gaji da yin nagarta. Lahadi ina jiran shaidarki a nan.

Mai Neman Shawara: Shi ya ce in jira a tashi, Baba. Shi ya kamata ya neme ni.

Ma'aikaciyar Jinya: Har yanzu ba ki gaya mini sunan maganin ba. Maigidan naki fa, shi yana zuwa sujada?

Mai Ganga: Ni ma wanda ya karɓi kujerata har yau bai gaishe ni ba.