Motar zuwa aiki ce, kuma ina so in shiga filin tsere da ita: me kuka yi wa naku?

Ɗan Fagge, Nottingham

Assalamu alaikum 'yan uwa. Toyota GT86 gare ni ƙirar 2014, kuma ita kaɗai ce: da ita nake zuwa aiki, da ita nake cefane. Na biya kuɗin shiga filin tsere na Donington Park wata mai zuwa, irin ranar nan da ake buɗe wa masu motocin gida fili su yi ta zagayawa, ba gasa ba ce. Asabar ce ranar, Litinin da sassafe kuma dole motar nan ta kai ni aiki lafiya lau. Wani abokin aikina ya ce in fara da canza salansa, in sa a taɓa kwamfutar injin ta ƙara ƙarfi. Abin da zan iya kashewa bai wuce fam 600 ba. Waɗanda suka taɓa shiga, don Allah me kuka yi wa naku? Me ya yi amfani, me ya zama asarar kuɗi?

Oga Bakanike, Birmingham

Wa alaikumus salam. Ƙanina, ka gaishe min da abokin aikin naka, amma ka bar salansar nan yadda kamfani ya yi ta. Filayen Ingila suna da maƙwabta, kowanne da iyakar ƙarar da aka yarje masa. A wasu, tun da safe mutum zai zo da na'ura ya kafa ta rabin mita daga bakin salansa, ya ce ka taka totur zuwa kashi uku cikin huɗu na iyakar injin. A Donington na'urar tana gefen fili, kana wucewa take auna ka, kuma a ranakun da aka saba iyakar desibel 98 ce. Kana haurawa za a ɗaga maka baƙar tuta. Ka sayi abin da zai sa a kore ka ke nan.

Kuɗinka na farko na man birki ne. Man birki yana shan danshin iska a hankali, ko da motar a ajiye take. Man birki nau'in DOT 4 sabo fil, ƙa'idarsa kada ya tafasa ƙasa da digiri 230. Wanda ya sha ruwa kuwa ƙa'idar ta sauko har 155. A titi ba za ka taɓa ganewa ba, don birkin zuwa aiki ba ya kai wa nan. A fili kuwa za ka danne shi kafin kwanar Redgate, ka sake kafin kwanar Old Hairpin, ka sake a ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya, bai huce ba ka sake zagayowa. Da ya tafasa sai ya yi kumfa, ita kuwa kumfa matsuwa take yi, sai ka ji ƙafarka ta tafi ƙasa babu komai. A zuƙe tsohon gaba ɗaya, ban ce a yi ƙari ba. Ni Motul RBF 600 nake zuba wa masu zuwa wurina, sabonsa ya haura 300. Castrol SRF ya fi shi jure danshi, amma da ɗan karen tsada. Kada wani ya sayar maka da DOT 5 wai don lambar ta fi girma, na silikon ne, ba ya haɗuwa da naka. DOT 5.1 daban ne, shi yana haɗuwa.

Ka riƙe wannan a ƙafarka: in birki ya yi laushi ya nutse, mai ne. In yana da tauri amma motar ta ƙi tsayawa, ga wari yana shigowa, fad ɗin birki, wanda yake matse faifai, shi ne ya sha wuta. Ko wanne ka ji, ka lallaɓa ka fito.

Maman Ilham, Milton Keynes

Oga ya gama da mai, bari in ɗora da fad, don nan ne motar yau da kullum take shan wahala. Mazda MX-5 nake ja, da ita nake kai 'yata makaranta. Na taɓa sa fad na tsere zalla. A fili kam ba a magana, tun safe har yamma birkin bai canza ba. Amma da sanyin safiya, kafin ya ɗumama, sai na ƙara ƙarfin ƙafa a shataletalen farko, ga ƙugi a kowace danja, har yarinyar ta ce in riƙa sauke ta kafin ƙofar makaranta. Wili kuma kwana biyu ya yi baƙi ƙirin. Na koma na tsaka-tsaki, irin wanda ake sayarwa don titi da fili. Ka duba kwalin ko akwai R90, alamar an amince da shi a titunan Turai. Yawancin na tsere zalla ba su da ita.

Kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ka sa fad ɗin kamar mako biyu kafin ranar, ka nemi hanya marar mutane ka yi ta taka birki daga gudu zuwa kusan tsayawa, sau da dama a jere, ba tare da ka tsaya cak ba, don ya zauna a kan faifai.

Abin da ya fi canza min tuƙi kuwa ba a shagon kayan mota na saya ba. Akwai malaman tuƙi a filin, kana biya ya zauna kusa da kai minti 20. Nawa zagaye ɗaya ya yi shiru, sannan ya miƙa hannu ta gaban fuskata ya nuna can ƙarshen kwana, ya ce can zan riƙa kallo, in daina kallon hancin mota. Ya hana ni juya sitiyari da wuri. Gudu ya ƙaru, birki kuma ya rage zafi, don na daina jan sa tun daga nesa.

Za a tara ku da safe a karanta dokoki: wucewa ta hagu kawai, a miƙaƙƙiyar hanya, sai na gaba ya ba ka hanya, kuma ba a ɗaukar lokaci ko da waya. Ka kwashe komai daga motar, kafet ɗin ƙafa, gorar ruwa, caja, kuɗin ƙarfe. Ƙugiyar jan mota da ke cikin but ka ɗaura ta tun a gida. Hular kwano ana ba da haya. Ka tafi da sallaya, hutun rana yakan faɗo kusa da azahar.

Alhajin Koblenz

Duk kun yi maganar ƙarfe, babu wanda ya yi maganar takarda. Yaro, ka ɗauko takardar inshorarka yau ka karanta. Ta titi ba ta bin ka cikin fili, kuma da yawa daga cikin na Ingila har sunan Nürburgring, filin tsere na Jamus, suke rubutawa cewa ban da shi.

Ni nan ne kusa da ni. Nordschleife, doguwar hanyar zagayen filin, kilomita 20.8 ne, tun 1927 yake, kuma a ranakun da ake buɗe wa jama'a dokar titin Jamus ce take aiki: sai mota mai lamba da takardu, wucewa ta hagu. Wanda ya daki shinge shi zai biya ƙarfen da ya lanƙwasa, da motar da ta ja shi, in an rufe fili saboda shi wannan ma da kuɗinsa. Da idona na ga wani saurayi tsaye bayan shinge, hannu a ka, motarsa ta juya baya. Ba ganganci ya yi ba. Wata mota ce a gabansa robar lagiretonta ta fashe ta shimfiɗa ruwa a kan kwana, shi kuma ya zo ya taka. Tun ranar, kafin in shiga sai na matsa kowace roba da hannu injin na sanyi, na leƙa ƙarƙashin mota ko akwai ɗigo. Motarka ta haura shekara goma, ka sa Oga ko waninsa ya duba maka su.

Ana sayar da inshorar rana ɗaya. Motarka kaɗai take biya, kuma kason da za ka cika daga aljihunka ba kaɗan ba ne. Masu mota biyu suna iya cewa ba sa so. Kai mai guda ɗaya, ka saya, ko da za ka fasa wani abu daga cikin fam 600 ɗin.

Ɗan Fagge, Nottingham

Allah ya saka da alheri, Alhaji, na kira masu inshorar, kuma haka ne, babu ruwansu da fili. Salansa na fasa. Saura taya. Masu kyau ne a kai, ba su ci rabi ba. In sayi masu danƙo irin na fili, ko in shiga da waɗannan?

Na Deira, Dubai

Shiga da su, ɗan uwa. GT86 daga kamfani ma da Michelin Primacy ta fito, irin tayar da ake sa wa wasu Prius, da gangan, don mutum ya ji lokacin da mota za ta fara zamewa tun gudu bai yi yawa ba. Taya mai danƙo ɓoye maka kuskure take yi, sannan ta ƙara wa birki aiki.

Abin da za ka saya geji ne na iska, mai kyau, da ƙaramin famfo. Takardar jikin ƙofarka iskar taya psi 35 ta ce, amma wannan da sanyi ne. Ni yadda nake yi a Dubai Autodrome: ina fitowa daga zagaye, ko hula ban cire ba, nake durƙusawa in auna huɗun, in rubuta a bayan hannuna. Sai ka ga ta hau da biyar ko shida, tayar da take wajen kwana ta fi sauran. In saki iska kaɗan-kaɗan har ta dawo kusa da lambar ƙofa tana da zafi. In ka bar ta a kumbure tsakiyarta kaɗai ke taɓa kwalta, sai mota ta riƙa santsi kana zargin kanka. Kada kuma ka zuƙe da yawa tun da safe, gefen tayar zai naɗe ya cinye.

Mu nan zafi ne babban abokin gaba, shi ya sa da rani sai dare ake shiga. Ina sa ido kan zafin baƙin mai, da ya doshi digiri 130 nake ɗaga ƙafa in yi zagaye ɗaya a hankali. Motarka ba ta da gejin wannan a gaban direba, amma akwai ɗan abin da ake soka wa a ramin OBD ƙarƙashin sitiyari, ya turo maka a waya. A sanyin Ingila ba na jin kana buƙatar ƙarin lagireton baƙin mai tun yanzu. Ka dai yi juye kafin ranar, ka cika shi zuwa layin sama, ka riƙa duba sanda tsakanin zagaye. Minti 15 ka fito, ta huta, kai ma ka sha ruwa. Fetur kuma kamar ana kwarararwa, kada ka bari ya sauka ƙasa da kwata.

Ɗan Zongo, Johannesburg

Ni na saɓa kaɗan. Ina zuwa Zwartkops kusa da Pretoria, gajeren fili ne, kilomita 2.4, kwana kan kwana, kuma kafaɗar tayar gaba ce take fara tafiya tsakiya na nan sabuwa. Na sa an kwantar min da tayoyin gaba ciki kamar digiri biyu, na kuma sayi wili huɗu na hannu da tayoyin fili daban. Tayar zuwa aikina ba ta san fili ba. Nan ne kwanciyar hankali.

Oga Bakanike, Birmingham

Gaskiya ne, Malam, amma wannan shawarar wanda ya riga ya kamu ce. Wili huɗu da taya huɗu sun cinye kuɗinsa duka, ga inda zai ajiye su, ga jak, ga canzawa da asuba. Kwantar da taya digiri biyu kuma, mai bin babbar hanya kullum ta ciki za ta riƙa cinye masa. Sannan a nan duk canjin da ka yi sai ka gaya wa masu inshora. Ya je ya dawo tukuna, tayar da kanta za ta nuna masa abin da take so.

Mai Kallo Daga Kano

Mu dai karatu muke sha. Amma maganar man birki ta shige ni. Tunda na sayi motata, in ya yi ƙasa ƙari kawai ake yi, ban taɓa ganin an zubar da tsohon ba.

Oga Bakanike, Birmingham

To ka sa a zubar, Malam. Yawancin kamfanoni duk shekara biyu suke cewa. Kuma in ya yi ƙasa, ko fad ne ya cinye ko akwai inda yake yoyo, a duba kafin a ƙara.

Ɗan Fagge, saura na bayan fitowa. Zagayen ƙarshe ka yi shi ba tare da ka matsa wa birki ba, iska ta bi ta kansa. In ka tsaya kada ka ja hambirki, kada ka bar ƙafa a kan birki, ka kashe ta ka bar ta a giya. Fad mai zafi in ya zauna wuri ɗaya a kan faifai tabo yake bari, shi ne za ka ji sitiyari yana rawa in ka taka birki, ka ɗauka faifan ne ya lanƙwashe. Notin taya ka bi su da sufana mai awo, 120 Nm ne na motarka, amma sai wili ya huce, ba a ɗaure noti da zafi.

Kafin ka kama hanyar gida ka mayar da iskar da ka saki, don da tayar ta huce za ka tarar ta yi ƙasa sosai. Ka juya sitiyari gaba ɗaya ka duba zanen tayar har ciki: dokar Ingila milimita 1.6 ce, kuma kowace taya da ta gaza tana iya jawo maka tarar da ta kai fam 2,500 da maki uku a lasisi. Ka haska fitilar waya ta tsakanin wili ka ga kaurin fad, na ciki yakan riga na waje cinyewa. In ya kusa milimita uku, ranar Lahadi ka canza shi.